Dodon Hoto

A Wad Madani rana ba ta san rowa ba,
mudu ka roƙa, buhu take juye maka.
Usta Jadalla da ya koya mini sana'a ya ce,
"Auna inuwa, yaro. Haske ya iya kula da kansa."
Shi ya sa da na tsai da Kawu Talle a bakin kogi,
jallabiyarsa fara fat tana kashe ido,
ban nemi shawarar rigar ba.
Fuskarsa na tambaya, can ƙarƙashin rawani,
inda tsagar gidanmu ta kwanta shekara saba'in.
Na ƙara wa idon kyamara faɗi taki biyu,
na riƙe numfashi.
Ƙyas.

Fim ɗin sabo ne, daga Alƙahira aka riƙo mini,
ƙwaya talatin da shida, ba ta bakwai,
kuma ba ya nuna maka abin da ya haɗiye.
Mako uku na yi ina yawo da cikin da ban san ɗansa ba.

Yau da dare na shiga ɗakin ajiya,
na toshe ƙasan ƙofa da tsohon bargon Goggo Tasalla.
Ko jar fitila fim bai yarda da ita ba.
Duhu ƙirin. Yatsu ne idanu.
Gumi ya sa bakinsa ya cije a kan faifai,
na zare, na goge hannu a wando, na sake,
a hankali, kamar mai naɗa wa makaho rawani.
Sai da murfin gwangwani ya ce ƙaf
na yarda na lalubi makunni.

Ruwan famfonmu shayi ne da ba sukari,
magani kuwa ashirin yake so, ba ciniki.
Ƙanƙarar Sittana mai shayi na sayo da la'asar,
ina jefawa ɗaya ɗaya, ido a kan ma'auni.
Na zuba. Agogo ya kama aiki.
Juya sau huɗu, buga gindi a tebur
kar kumfa ta maƙale a goshin dattijo.
Jira. Sake juyawa.
Takarda ta ce minti tara, na ba shi takwas,
don rigar ta tsira da zarenta.
Ruwan khal ya tsawatar: ya isa haka.
Sannan mai kafe hoto, da warinsa na ruɓaɓɓen ƙwai,
ya kwashe azurfar da haske bai taɓa ba.
Ɗauraya, ɗauraya, har hannu ya yamushe.

Na rataye shi da maƙalin shanya, yana ɗiga.
Bakwai sun ƙone. Uku na girgiza.
Akwai akuyar da ban gayyata ba.
Amma na ashirin da uku,
ga shi nan.

Da safe na kai masa, yana ɗinkin koma.
Ya ɗaga dodon hoton sama, ya kanne ido ɗaya:
fuska fara, riga baƙa, kogi ya zama kwalta,
farin gemunsa ya koma na saurayi.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
"Kakana da ƙafa ya zo, Makka ya nufa,
guzuri ya ƙare, ya dasa albasa.
A ƙasar nan aka binne cibiyata,
amma har gobe wasu baƙi suke ce mana.
Kai kuma dare ɗaya ka wanke ni na yi fari!"

Na ce, Kawu, ba a gama ba,
sai na buga a takarda kowa zai koma launinsa.

Ya sake dubawa, ya daɗe.
Ya kai farce kusa da kumatun, bai taɓa ba.
Tsagar ta fito, layi shida, ko ɗaya bai ɓace ba.
"To buga biyu," ya ce.
"Ɗaya na bango. Ɗaya ka ba mai zuwa Sakkwato,
ko akwai wanda zai gane zanen."